Baba ya rasu, an tara kuɗi da sunansa: me za mu yi da su?

Wata baiwar Allah ce daga unguwar Zariya a nan Maradi ta aiko da tambayar, na taƙaita ta. Mahaifinta ya rasu wata biyu ke nan. Tela ne, karatunsa na allo ne, amma ya shekara ashirin da ƴan kai yana shugabancin ƙungiyar iyayen yara ta firamaren unguwarsu. Shi ke tsayawa bakin titi da usur kullum safiya yana ƙetarar da yara, shi ke bin gida-gida neman kara da zana in an koma makaranta, ƙofarsa ake bugawa in yaro bai dawo gida ba. Tsofaffin ɗalibai da samarin fada, wato majalisun hira da shan shayi na unguwa, sun tara jika ɗari huɗu (sefa dubu ɗari huɗu), suna son a kafa rumfuna a yi taro, a buga riguna da hotonsa, a sa kofin ƙwallo da sunansa. Yayanta ya ce bidi'a ce, a rabar da kuɗin sadaka kowa ya huta. Mahaifiyarsu tana takaba, ba ta ce uffan ba. A ƙarshen saƙon ta ƙara da maganar da ta ce ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: takan ji kamar makaranta ta cinye musu rabonsu na uba, kuma yanzu da kowa ke yabonsa kunyar wannan tunani take ji.

Ɗiyata, Allah ya jiƙan Baba, ya yi masa rahama, ya sa can ta fi masa nan, ku kuma ya ba ku haƙuri da dangana. Ban san shi ba, amma na san irinsa. Na yi shekara talatin da uku da alli a hannu, fiye da rabinsu ina direkta, daga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji har na dawo cikin gari na yi ritaya. Duk makarantar da na ga ta zauna lafiya, in na bincika sai in tarar akwai wani dattijo guda a bayanta wanda sunansa ba ya cikin takardar albashi. Mu malamai canjin wurin aiki ake yi mana, bana kana Tibiri baɗi kana Dakwaro. Shi kuwa yana nan daram, ya san gidan kowane yaro, ya san wanda uwarsa ta fita, ya san wanda ya zo bai karya ba.

Shawarata ta farko, kuɗin nan a bar su inda suke tukuna, ba za su ruɓe ba. Ranar Litinin mai zuwa ki sayi ɗan littafin rubutu, ki isa bakin makarantar kafin ƙarfe bakwai da rabi, ki tsaya daidai inda Baba yake tsayawa. Kada ki yi komai, ki zuba ido kawai. Ki ga ƴar shekara bakwai riƙe da hannun ƙanenta ɗan shekara biyar suna leƙen titi, kabu-kabu na tsala gudu, adaidaita na tsayawa inda ta ga dama, ga motar yashi ta ɓullo daga kwana. Yaro ƙarami bai iya auna gudun abin hawa ba. In ya hango mota nesa, a wurinsa nesa take, ko da a guje take tafe. Daga nan ki shiga ki gaida direkta, ki nemi mai gadi, ki zauna da matan da ke tuyar ƙosai da awara a bakin katanga, da malamar da ke riƙe da ƙananan yara. Kada ki tambaye su wane irin mutum ne Baba, amsa ɗaya za ki ji, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Ki tambaye su me yake yi wanda tun da ya kwanta ba wanda ya sake yi.

Irin amsoshin da na saba ji ke nan: shi ke zuwa ya duba murfin shadda in an yi ruwa da dare, shi ke hana mu hura wuta gabas da azuzuwa, shi ke korar samarin da ke zuwa shan taba bayan aji in an tashi, shi ke raka yarinya gida in ba a zo ɗaukarta ba. Duk abin da aka gaya miki ki rubuta, har ƙaramin da za ki ga bai kai a rubuta ba. Littafin nan shi ne tarihin mahaifinki, kuma shi zai nuna muku inda kuɗin za su nufa, don kowane layi a cikinsa gurbi ne da ke buɗe a yau.

Tunda kin ambaci kara da zana, bari in tsaya a nan, don mu mutanen Maradi ba a ba mu labarin wannan abu. Ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a cikin garin nan, yara aƙalla ashirin da biyar suka rasu, yawancinsu ƴan shekara biyar zuwa shida, aka yi zaman makoki na kwana uku a jihar. Kwana guda kafin nan ramin haƙar zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa, gari bai gama jimamin wancan ba wannan ya faɗo. Kuma ba shi ne na farko ba a shekarar: ranar 13 ga Afrilu wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara ashirin suka tafi. Bayan gobarar Maradi majalisar ministoci ta haramta sa ƴan ajin reno a ɗakin zana a duk faɗin ƙasa. A lokacin hukumomi da kansu suna maganar azuzuwan zana kusan dubu 36 a Nijar.

Dalilin da ya sa suke nan har gobe kowa ya san shi. Kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, yara na ƙaruwa fiye da yadda ake gini, direkta kuma ba zai kori yaro ya ce babu ɗaki ba. Ana komawa makaranta farkon Oktoba, amma rumfa sai an yi girbi an samu kara, sai damina ta ɗauke. Wato lokacin da azuzuwan ke tashi sababbi, a bushe ƙayau, shi ne daidai lokacin da hunturu ke shigowa da iskarsa daga gabas maso arewa. A haɗa wannan da jera rumfuna kafaɗa da kafaɗa, da ƙofa guda ɗaya ƴar ƙarama, da yara sittin ko saba'in a zaune a ƙasa.

Ni kaina na taɓa tsallake rijiya da baya. A wata makarantar ƙauye da na riƙe azuzuwa shida ne, biyu na siminti, huɗu na zana. Ni da wayona na ɗauki na simintin na ba manyan ɗalibai ƴan ajin jarrabawa, don su ne idon makaranta, sakamakonsu ake kai wa sufeto. Ƙanana na tura su rumfa. Shugaban iyayen yara wani tsoho ne manomi, kullum da ƴar wuƙa a kugu. Duk shekara in ana kafa rumfuna sai mun yi ja-in-ja da shi. Ya dage sai an bar taki goma tsakanin aji da aji, kuma zanar baya kada a ɗaure ta da waya, a ɗaure da igiyar kaba. Ni kuwa ɓarnar fili nake gani da ɓarnar kara, tunda in aka jingina aji da aji zana ɗaya ta isa raba biyu. Yakan ce mini, "Mushe, kai ka san takarda, ni na san kara." Mutanen Kano su yi haƙuri, a nan Mushe malamin lakwal ne, wato makarantar boko.

Wata Laraba cikin Disamba, bayan an koma aji daga shan iska, mai ƙosai ta kwashe kayanta ta bar garwashi a ƙarƙashin toka. Iska ta taso. Ban ga lokacin da ta kama ba, ihu na ji. Kafin in zagayo, gefe guda na rumfar ƴan aji ɗaya ya zama wuta. Yaran duk sun yi ƙofar da suka shigo ta cikinta, sun cushe, na gaba sun faɗi na baya na tattaka su, wasu uku kuma sun shige ƙarƙashin teburin malam sun rufe ido. Tsohon nan yana gindin dogon yaro yana jan carbi. Bai nufi ƙofa ba, baya ya zagaya, sara biyu ya yi wa igiyar zana ta kwanta, ya dinga fizgo yara yana wurgawa waje. Ba a rasa rai ba. Yara biyu sun ƙone a hannu, shi ma gemunsa ya babbake. Rumfar ta ƙone ƙurmus kafin a kawo bokiti na uku daga rijiya, amma ta kusa da ita ba ta kama ba, saboda takin nan goma da nake ƙorafi a kansu. Washegari na kwashe manyan na mai da su rumfa, ƙanana na sa su a siminti, ban jira wani ya ce mini ba.

Tsohon ya rasu da daɗewa, ba a yi masa taro ba, ba a buga riga ba. Amma duk makarantar da na riƙe bayan nan zanar baya da kaba ake ɗaure ta, kuma malaman da suka yi aiki da ni sun tafi da wannan ɗabi'a wasu garuruwan, wasu ba su ma san daga wa ta fito ba.

Jika ɗari huɗu ba za su gina aji na siminti ba, wannan maganar miliyoyi ce. Amma za su iya sa kowace rumfa ta samu ƙofa biyu masu fuskantar waje dabam-dabam, su sayi ƙarin kara don a raba azuzuwa da juna, su ajiye ganga cike da ruwa da bokitin yashi kusa da kowane aji. Za su iya gyara wa masu tuya wuri guda a yamma da azuzuwa, inda iskar hunturu za ta kai tartsatsi waje maimakon cikin makaranta. Kada dai a kore su, abincinsu suke nema, kuma yaran da shi suke karyawa. Za su iya zuba murfin siminti a kan shadda da tsohuwar rijiya, su sayi riga mai ƙyalli ga masu ƙetarar da yara. Maganar tudun rage gudu a titi kuwa ta ma'aikatar magajin gari ce, takarda za a rubuta da sa hannun direkta da mai unguwa, kada samari su tashi su zuba da kansu, wani ɗan kabu-kabu ya zo da dare ya karye.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala, kuma ya fi duk waɗannan. Sau ɗaya a wata a busa usur sau uku, kowane aji ya fita ta ƙofofinsa biyu ba gudu, a taru gindin bishiya guda da kowa ya sani, malam ya fito da littafin kiran suna ya ƙirga. Ƙirgar nan ita ce babba, don yaro ƙarami in ya tsorata ɓuya yake yi, ba ya gudu. A koya musu in riga ko hijabi ya kama wuta a tsaya, a kwanta, a yi ta birgima, gudu hura ta yake yi. A koya wa malamai da masu tuya cewa ƙuna ruwa mai sanyi ake zuba mata na kamar minti ashirin, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da gishiri ko baƙin mai, kuma tufar da ta manne da fata ba a ɓanɓaro ta, asibiti ake nufa. A rubuta lamba 18 ta ƴan kwana-kwana a bangon ofis da manyan baƙi, a kuma gayyace su su zo su nuna wa yara da idonsu. Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cewa ya yi wannan wuta maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Saboda haka duk wanda ya ce miki wannan tsarin Nasara ne, ga amsarsa.

In makarantar ba ta da ruwa, to ni da shi zan fara, don jifa ɗaya ne tsuntsu biyu: yara su sha a zafin Afrilu da Mayu, ganga kuma ba za ta zauna a bushe ba. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta uwar Sa'adu ce. Sai dai kafin a ja famfo a san wa zai riƙa biyan kuɗin ruwa duk wata. Na ga famfunan sadaka da yawa da aka yanke bayan wata shida, allon sunan mamacin na nan a manne, famfon ko ɗigo.

Wannan ya kawo ni ga inda irin waɗannan ayyuka ke mutuwa. Ganga ba ta cika kanta, usur ba ya busa kansa. In akwai aibi guda da irin su Baba suke da shi, Allah ya gafarta musu, shi ne komai su kaɗai suke yi, ba su saba cewa wane zo ka riƙe mini ba, ranar da suka faɗi sai aikin ya faɗi tare da su. Kada ku je neman mutum ɗaya da zai maye gurbinsa, ba za ku samu ba, in kun samu ma kun zalunce shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba littafin nan gida-gida: titi mutum biyar, kowa da ranarsa, ganga da yashi a hannun ƙungiyar iyaye mata, duba shadda da katanga bayan ruwan sama a hannun mai gadi da wani maƙwabci. Kuma a kai maganar gaban babban taron kwamitin kula da makaranta, wanda muka sani da COGES, daga baya aka koma ce masa CGDES, a rubuta ta a takardar taro da sunayen waɗanda suka ɗauka. In ba a rubuta ba, ranar da aka canza direkta sabon zai zo ya ce shi bai san zancen ba, kuma da gaskiyarsa.

Kuɗin kansu amana ne. Ba gado ba ne, ba na gidanku ba ne, ba kuma na wanda ya fi kowa bayarwa ba ne. Waɗanda suka tara su ne za su amince da inda za a kai su, don haka yayanki ba zai raba su sadaka da kansa ba, ke ma ba za ki kai su makaranta da kanki ba. A sa mutum uku su riƙe, ɗaya daga samari, ɗaya daga tsofaffin ɗalibai, ɗaya daga kwamiti, duk abin da aka kashe a karanta shi a bainar jama'a. Akwai kuma wata amanar da ta fi wannan gaggawa, ita ce wadda ke hannun Baba. Mutumin da ya shekara ashirin yana karɓar gudummawar iyaye, da wuya a ce aljihunsa da na ƙungiya ba su taɓa cakuɗewa ba, yawanci ma shi ke bin ƙungiya, amma dole a bincika. A duba littafinsa, a tambayi mai sayar da zana da magini ko akwai ragowar ciniki, a yi cigiya a masallaci, a kuma mai da yadin mutane da ke shagonsa. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ta sa rabon gado bayan wasiyya da bashi, kuma hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Wannan ya riga taro, ya riga famfo.

Yayanki kada ki yi gardama da shi. Saɓanin malamai a kan taron sadakar uku da bakwai da arba'in tsoho ne a garin nan, kusan kowane gida akwai ɗan Izala akwai ɗan ɗariƙa, kuma ba a gidanku za a raba wannan gardama ba. Ki ja shi zuwa filin da kowa ya yarda da shi: hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, cewa in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ki ce masa, Yaya, in aka raba jika ɗari huɗu a bakin masallaci kafin magariba sun ƙare, in aka ja ruwa kuwa yana nan yana gudana. Ina jin ba zai ƙi ba.

Samarin ma kada a watsa musu ƙasa a ido. Da ƙwallo da riga suka san nuna ƙauna, kuma wanda ya cire jika daga kuɗin kabu-kabunsa don wani tsoho ya cancanci a saurare shi. Rigar hoto dai ba na goyon bayanta, ko don abin da na sha gani: bayan shekara guda ta koɗe, sai ka tarar da fuskar dattijo ana goge babur da ita. Kofin ƙwallo kuwa a bar musu, amma da sharaɗi, duk fadar da za ta shiga gasa sai ta ba da mutum guda da zai tsaya titi mako ɗaya. Ladan da suke nema wa Baba a nan yake, kuma yaron da ya taɓa tsayar da mota don ƙananan yara su wuce, in ya hau babur ba ya tuƙi kamar da.

In za a yi magana a kansa, a faɗi abin da ya yi, a tsaya nan. Shaidar alheri ga mamaci tana da asali: an wuce da jana'iza sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce ta wajaba, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Amma shaida dabam, kirari dabam. Bukhari ya kawo cewa Abdullahi ɗan Rawaha ya suma, ƴar'uwarsa ta kama kuka tana wayyo dutsena, wayyo kaza, wayyo kaza, da ya farfaɗo ya ce ba abin da kika faɗa face an tambaye ni, haka kake? Ki ɗauki wayarki ki naɗi muryar abokansa tsofaffi tun suna nan, da ta mai gadi, da ta masu tuya. Ki bar su su faɗi har faɗansa da taurin kansa, don jikokinsa su san mutum ne aka yi mai fushi da dariya, su ji cewa su ma za su iya. Ziyarar abokan nasa ma kanta biyayya ce gare shi, Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sadar da zumuncin masoyan mahaifinsa.

Saura maganarki ta ƙarshe, wadda na san ita ce ainihin abin da ya sa kika rubuto. Ɗiyata, ba ki yi laifi ba, lissafi kika yi kuma daidai ne. Duk safiyar da Baba ya tsaya a titi keken ɗinkinsa a rufe yake. Duk yammacin da ya tafi sasanta malam da uban yaro, wani a gida yana jiransa da littafi ko da zazzaɓi. Kuɗin cefanen da bai shigo ba wata ce ta cike gurbinsa, da ɗan adashinta ko ƙuli-ƙulinta, kuma sabon malamin da aka turo bai da masauki, tuwon wa ya ci wata uku? Hausawa da suka ce inuwar giginya na nesa ka sha ta, irin wannan gida suka gani. Addini ma bai ce a rufe ido a kai ba: Salmanu ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa, Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ni ma ƴaƴana suna da irin wannan ƙorafi a kaina, babbar ta faɗa mini a gaban idona bayan na yi ritaya, ban samu abin cewa ba.

Abin da nake so ki gane, hidimar nan ba Baba kaɗai ya yi ta ba. Shi aka gani a titi, ku kuka biya, kuma ina fata Allah ba zai bar ku ba lada ba. Ki sami lokaci bayan wata salla ki ce kin yafe masa abin da ya tauye muku, da bakinki, ki roƙa masa gafara. Za ki iya ƙaunarsa, ki yi alfahari da shi, kuma ki san an rage muku wani abu, duk a zuciya ɗaya. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na dage a raba aikin ga mutane da yawa, don kada nan da shekara ashirin wata ɗiyar ta sake rubuto irin wasiƙarki.

Shirun Inna kuma kada ku ɗauke shi yarda. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, ta yi biyu, kuma yanzu ne masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit. Ki shiga ɗakinta ke kaɗai, ba da yayanki ba, ba da wakilin samari ba, ki tambaye ta me take so, me kuma ya tsaya mata tun da shago ya rufe. In akwai ƙannenku da ke makaranta, ki gaya wa tsofaffin ɗalibai ba kunya. Wanda ya ƙetarar da ƴaƴan mutane shekara ashirin, bai kamata nasa su tsaya a hanya don kuɗin littafi ba, kuma cikin waɗanda suka tara kuɗin nan akwai wanda zai ɗauki wannan shi kaɗai in ya ji.

Taron, in za a yi, a jira ta fita takaba, a yi shi a farfajiyar makaranta da hantsi, gajere, ba maroƙa ba kiɗa. Liman ya yi addu'a, ke ko yayanki a karanta littafin layi-layi, duk aikin da aka ambata wani ya miƙe ya ce na ɗauka, magatakarda ya rubuta sunansa. Usur ɗin kuwa kada a ba kowa sai an tambayi Inna, ita ta san inda yake rataye shi in ya dawo.